Ƙofar Akori-kura

Mai Walda mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ko cokali aka ba shi a lanƙwashe, sai ya miƙe shi kafin ya kai loma. Matarsa takan ce da ana yi wa halin mutane walda, da tuni ya gyara rabin unguwa.

Tun da mahaifinsa ya fara mantuwa kuwa, komai ya fita ransa. Mahaifin tsohon direba ne, ƙarfinsa duk ya ƙare a cikin wata shuɗiyar akori-kura, yau katako, gobe kayan masu ƙaura. Yanzu yana ɗakin baya a zaune. In ɗansa ya shigo da ruwan wanka sai ya ce, "Sannu bawan Allah, wa ya aiko ka?" Da farko maganar tana sukar Mai Walda, daga baya ya daina jin komai. Ya wanke shi, ya yanke masa farce, ya fita, kamar mai goge ƙarfe. Abu ɗaya ne tsohon bai manta ba: "Ina motata?"

Motar tana bayan shago, kaji sun mayar da ita gidansu. Jikinta da sauran ƙwari, amma shasin, wato ƙarfen ƙasa da jikin ke zaune a kai, tsatsa ta gama da shi. Mai Walda ya samo shasin wata mota ta zamani da ta yi hatsari, da injinta. Ya fi na da tsawo, ya yanke, ya haɗa, ya sake huda ramukan noti. Ba ɗoki yake yi ba, hannu ne kawai ke aiki. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: tsohon ya gane shi, ko sau ɗaya.

Ita motar nan, tun Mai Walda yana yaro ƙofar direbanta a sunkuye take, don tsohon shasin a murɗe yake. Sai ka ɗaga ta sannan ka fizgo da ƙarfi. Da jikin ya hau miƙaƙƙen shasi, Mai Walda ya daidaita ta har ɗan yatsa ma yana rufe ta.

Aka fito da tsohon. Ya shafa gaban motar, ya shiga, ya kama ƙofa zai ɗaga, sai ta rufu salin alin. Can ya buɗe ya sauko.

"Motar mutane ce," in ji shi. "Mayar musu, bawan Allah, kada a ce mun sata."

Mai Walda ya mayar da shi ɗaki, ya dawo ya zauna a kan tsohuwar taya. Ko haushi bai ji ba.

Matarsa ta ce, "Baban yara, gyaran ne ya yi yawa."

"Gyara yana yawa ne?"

"Ga shi kuwa ka gani."

Washegari ya cusa guntun katako a maƙalar ƙofar, ya rataya a jikinta da duk nauyinsa har ta sunkuya. Tun da yake sana'a bai taɓa yin aikin da ya yi masa wuya kamar wannan ba.

Tsohon ya sake shiga. Ya ja ƙofa, ta ƙi. Ya ɗaga, ya fizgo, ta rufu da ƙara. Sai ya leƙo ta taga a fusace.

"Guntu! Tun yaushe nake ce maka ka gyara ƙofar nan? Wai kai mai walda!"

Rabon Mai Walda da jin an kira shi Guntu, sunansa na yarinta, tun kafin furfura ta fito masa. Ya dafa motar.

"Zan gyara, Baba."

"Kullum zan gyara!"

Kafin la'asar Mai Walda ya koma "bawan Allah" a bakin tsohon, kuma haka ya zauna har tsohon ya rasu.

Motar tana nan, Mai Walda yana ɗaukar ƙarafa da ita. Abokan sana'a suna yi masa tsiya, wai ga mai gyaran ƙofofin duniya, tasa a sunkuye. Ba ya dariya, ba ya fushi. Ya ɗaga, ya fizgo, ya ce, "Zan gyara."