Jan Ƙyallen Tankari

Duk Bahaushen da ya zauna Guangzhou wajen shekarar dubu biyu da bakwai ya san Tankari, mutumin Dogon Dutsi. Mu mun zo sayen kaya, shi kuwa bawan Allah noma ya zo yi, ɗaurin dilar kaya a kasuwar Guangyuan kawai ya fake da shi. Gida ɗaya muke haya a unguwar Panyu.

Abin da ya tunzura shi miya ce. Ya zaga kasuwa yana neman kuɓewa irin ta gida, kowa ya ce masa "meyo", wato babu. Ya dawo yana huci.

"Ma'azu, ƙasar da ke ƙera waya amma ba ta da miyar yauƙi, wannan ƙasa ce?"

Sai ya kwance wani ɗan ƙulli da ya zo da shi: irin kuɓewar mahaifiyarsa, wadda ta rasu yana nan bai samu zuwa jana'iza ba. Abin da ya rage masa nata ke nan. Ya kwashi ƙasa a tsofaffin bokitai ya hau rufin bene ya shuka duka. Na ce ya rage wani, ya ce Bakano me ya sani ban da awon yadi.

Wallahi ta yi! Muka sha miya har 'yan Gana suna zuwa da kwanukansu. Manyan 'ya'yan kuwa ya hana kowa taɓawa, ya bar su su ƙosa don iri. Ya yayyaga wani jan ƙyalle ya ɗaure kowanne, kamar yadda ake yi a gonarsu, alamar kar a cire.

To, a wajen mutanen nan, abin da aka ɗaura wa ja kyauta ne. Wa ya gaya mana?

Wata rana muka dawo daga tashar jirgin ruwa ta Nansha, muka tarar an tsinke masu jan ƙyallen tas. Mai gidanmu, wata tsohuwa da muke kira Ayi, tana tsaye tana washe baki tana "shiye-shiye", godiya take yi. Har ta raba wa ƙawayenta tsofaffi na layin.

"Ayi, kuɓewa! Ina kuɓewa?"

"Meyo," in ji ta.

Ya zazzaga mata masifa da Hausa da Faransanci, ita tana ta sunkuyawa tana ƙara godiya. Na yi dariya har na riƙe ciki, sai da na ga ƙato ya zauna kan bokiti yana share hawaye. Raina ya ɓaci matuƙa. Daga ranar bai sake hawa rufin ba.

Ashe tsofaffin sun dafa ɗaya sun ji ta kamar itace. Su kuwa ba sa zubar da komai, sai suka fasa sauran suka shuka.

Da shekara ta zagayo, Ayi ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da damin kuɓewa ɗaure da jan zare. Ta ja hannun Tankari zuwa taga. Baranda bayan baranda, tsakanin shanyar wanduna, furen kuɓewa ne rawaya har ƙarshen layi.

Ya daɗe yana kallo. Can ya goge fuska ya ce, "Ka ga Inna, Ma'azu? Ni ina ta ɓuya saboda biza, ita ta kama unguwa guda."