Ranar da na goyi Bature

Shekara uku na yi ina jinyar wani tsohon Bature a wani dogon bene da ke titin Grand Concourse, hawa na shida. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi, ni ke masa wanka, ni ke ba shi magani, ni ke tura kekensa. Ina ce masa Baba. Shi kuwa Maƙaryaci yake kirana, don na taɓa gaya masa cewa a Maraɗi, in zafi ya yi zafi, dafaffen ƙwai kaza ke sakawa.

Wata safiya da sanyi ya fara shigowa, ya ce in yi masa aski, in ɗauko kwat ɗinsa mai kyau.

"Zance za mu je, Baba? Ka bari in fesa maka turare."

"Wurin mahaifina za mu."

Na ce a raina ziyarar kabari ke nan. Na yi alwala, na rufa masa bargo a ƙafa, muka hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu har ƙarshen Manhattan, inda gari ya ƙare ruwa ya fara.

Wasu allunan dutse ne a tsaitsaye, kowanne ya yi raƙumi uku a ɗore, an cika su da sunaye daga sama har ƙasa. Na tuɓe takalmina, na yi wa mutanen kabari sallama yadda aka koya mini, na riƙa bin gefe-gefe da keken don kada in taka wani. Sai ga wani ƙato da karensa a tsakiyar filin, yana lasar askirim. Har na buɗe baki zan yi masa tatas.

Baba ya ce, "Wa kake gudun takawa?"

"Mamata mana."

"Babu kowa a ƙasan nan. Daɓe ne kawai." Ya nuna teku da haɓa. "Suna can. Ko wani wurin."

Ya ba ni labarin da irin muryar da yake karanta takardar magani. Lokacin yaƙin duniya na biyu, mahaifinsa na cikin ma'aikatan wani jirgin sama mai sakin bama-bamai. Sun tashi sintiri a kan teku wata safiya, shi ke nan. Ba a ga fiffike ba, ba a ga takalmi ba. Uwarsa na da cikinsa a lokacin, kuma har ta mutu ba ta yarda an canja makullin ƙofa ba.

Kowace shekara yakan zo ya yi ɗage ya taɓa sunan mahaifinsa a jikin dutsen. Tun da ya zauna a keke bai zo ba, kunya yake ji. Yanzu kuma likita ya gaya masa abin da ya gaya masa.

"Wannan zuwan ne na ƙarshe, Maƙaryaci. Ka taimake ni in taɓa shi."

Na ɗago shi ta hammata. Ƙafafun suka lanƙwashe kamar dafaffiyar taliya, yatsunsa suka tsaya taƙi biyu ƙasa da sunan. Muka sake, muka sake. Na mayar da shi keke yana haki. Ya ce mu tafi gida, bai ko dubi dutsen ba.

Sai idona ya faɗa kan bargon.

A garinmu namiji ba ya goyo. Da yayyena mata sun gan ni, da har yau suna birgima. Na durƙusa a gabansa, na jawo shi bayana, na zagayo da bargon na ɗaure tamau a ƙirji yadda na ga uwata na yi, na miƙe. Na sha gaya wa 'yan'uwa a masallaci cewa nauyinsa ya kai buhun gero goma. Gaskiyar magana, ko buhun gawayi bai kai ba.

Na matsa har hancina ya kusa gogar dutsen. Na ji hannunsa mai lafiya ya bar wuyana ya yi sama.

"Ka kai, Baba?"

"Na kai."

"Me ka ji?"

"Dutse," in ji shi. "Kowace shekara dutse."

Muna nan a haka ya tambaye ni ina nawa uban yake. Na ce ya rasu ina nan, ba ni da takardun fita. Bayan shekara tara na je gida, ƙanena ya kai ni maƙabarta. Fasasshen tulun da aka kafa don shaida ya ɓace, ruwan sama ya baje tudun. Ƙanena ya ware hannu ya ce, tsakanin nan da waccan bishiyar ne. Na tsaya ina jiran kuka, bai zo ba, muka koma gida muka ci tuwo.

"Wannan ma ƙarya ce?"

"A'a, Baba."

"To kada ka sauke ni tukuna."

Ban sauke shi ba. Mutane na wucewa, wasu na ɗaukar mu hoto. Sanyin daɓen ya ratsa safata ya hau har gwiwa, daga baya na daina jin ƙafafun gaba ɗaya. Ban san minti nawa muka yi ba. Can na ji hannun ya dawo wuyana, sanyi ƙalau, ya ce ya isa.

Na kwance bargon, na zaunar da shi, na je na ɗauko takalmana inda na bar su.