Tekun da Na Karanta, Goggo Ta Shiga

Da ƙarfe huɗu da minti ashirin na asubahin Asabar na yi atishawar farko. Na riƙe lokacin ne saboda wayata tana hannuna, ina sake duba yadda teku zai kasance a ranar. Na yi ta biyu, na yi ta uku, sai na ji hancina na hagu ya toshe. Na zauna a bakin katifa ina kallon na'urar sanyaya ɗaki, wadda Goggo ta ƙure tun ranar da ta sauka.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. 'Yar kasuwa ce a Kano, tana zuwa Dubai saro abaya da takalma. Ni kuma ina zaune a unguwar Abu Hail, a fulat ɗin yayana mai aikin kago, wato tura kayan 'yan kasuwa, a wajen kasuwar Murshid, daga nan nake zuwa jami'a. Duk zuwan da Goggo za ta yi a ɗakina take sauka, kuma ra'ayinta a kan sanyi ɗaya ne: ba ta biya kuɗin jirgi don ta zo ta yi gumi ba. Ni ban iya musu ba. Bargo na ƙara.

Masu karanta ɗan abin da nake rubutawa a nan sun san na daɗe ina maganar wannan tafiya. Duk shekarun karatuna a bakin teku na yi su, amma ruwansa bai taɓa wuce idon sawuna ba. A laburaren makaranta na ci karo da wani littafi a kan halittun tekun wannan yanki, na are shi, na sake ara, har mai ba da littattafai ta daina tambayar sunana. Abin da ya fi kama ni ba hotunan ba ne. Shirun da ake cewa yana can ƙasa ne, inda mutum ba ya jin komai sai numfashinsa. Na gama jarrabawar ƙarshe, wata mai zuwa zan koma gida hidimar ƙasa, kuma kowa ya san Kano ba ta da teku. Don haka na tara abin da na tara, na kama gurbi a wata makarantar nutso da ke gaɓar gabas, a ajin masu gwaji, inda malama ke riƙe hannun mutum ta sauka da shi. Baba ya ce ta waya ya yarda, amma sau ɗaya, kuma da rakiya. Yaya yana da kwantena da za a loda. Sai Goggo ta ce za ta zo ta riƙe mini jaka.

Mun tashi bayan sallar asuba. Wanda ya ja mu wani abokin aikin Yaya ne, ɗan Zangon Kumasi, mai fara'a, wanda ya sadaukar mana da ranar hutunsa. Mun ratsa Sharja tituna babu kowa, sai masu shara da motocin ɗaukar ma'aikata. Bayan gari ya ƙare yashi ya fara, fari da farko, sannan ya koma ja. Raƙuma suna kiwo a bayan shingen waya. Daga nan duwatsu suka taso, baƙaƙe, tsirara, babu ko ciyawa, hanya tana lanƙwasa a tsakaninsu.

Ban more su ba. Ina kujerar baya ina matse hancina da yatsu biyu ina hurawa a hankali. Duk littafin nutso da wannan yake farawa: idan mutum yana sauka, ruwa yana danne masa kunne, dole ya riƙa hurawa haka har ya ji kunnen ya buɗe. Mai mura kunnensa ba ya buɗewa, idan ya matsa kuma dodon kunnen na iya fashewa. Na dama yana buɗewa. Na hagu ya ƙi.

A gaba kuwa wayoyin Goggo biyu ba su huta ba. Wata tana son a canja mata lambar takalmi. Wata ta ce baƙar abayar da aka tura mata hoto ba ta yi baƙi sosai ba. Ɗanta yana neman makullin shago. Mijinta yana neman hularsa, daga Kano, ita tana tsakiyar duwatsun wata ƙasa, kuma ta gaya masa inda take.

Mun tsaya a wata kasuwar bakin hanya da ake sayar da darduma, tukwanen ƙasa, mangwaro da gasasshiyar masara. Shayin karak dirhami ɗaya ne, kamar a unguwar Deira ta Dubai. Na sha kofi biyu da citta, ina fatan kunnen ya buɗe. Goggo ta ci burodin faratha da ƙwai, sannan ta tsaya ta taya wata darduma da ba ta da niyyar saye, har mai ita ya rantse ya sauko, ta ce masa khalas, wato shi ke nan, ta gode. Direbanmu ya ce, "Hajiya, yalla, mu tafi, kar kifin su gaji da jira."

Tekun gabas ba kamar na Dubai ba ne. Ya fi duhu, ya fi tsabta, duwatsu suna gangarowa har bakinsa. Tsibirin da ake nutso a gefensa kuma, gaskiya, ba irin na hoton kalanda ba ne mai itatuwan kwakwa. Wani ƙaton dutse ne a cikin ruwa, babu gida, babu inuwa, tsuntsaye kawai. Dukiyarsa tana ƙarƙashi. Na san haka, na san ma ta wane gefe kunkurun teku suka fi zama.

Malamar 'yar Filifin ce, gajera, rana ta ƙona ta. Tana cikin yi mana maraba ta tambaya ko akwai mai mura. Na iya shiru fiye da kowa a gidanmu, kuma na yi tunanin yin sa. Amma na karanta shafin da ke bayanin abin da ke biyo baya, har da zanen kunnen. Na ɗaga hannu. Ta sa na hura a gabanta, ta kalli fuskata, ta girgiza kai. Ta ce yau dai a'a, in dawo idan na warke sarai. Goggo za ta koma Kano ranar Litinin. Izinin Baba guda ɗaya ne.

Goggo ta tambayi abin da aka ce, na fassara mata. Ta tambaya ko za a mayar da kuɗin. Aka ce ba a mayarwa, sai dai wani ya shiga a madadina.

"To, a kawo kayan," in ji ta.

"Goggo, nutso ne fa. Ƙarƙashin ruwa."

"Ke 'yar nan, a bakin kogin Wudil aka haife ni. Ina ninƙaya ubanki yana kan tudu yana riƙe mini zane."

Ban taɓa jin wannan labari ba. Ban kuma so na ji shi a ranar ba.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi ɗaci. Turancin Goggo na ciniki ne, don haka ni aka sa tafinta. Ni na yi mata tambayoyin lafiya. Da na zo kan hawan jini ta ce ba ta da shi, ita take saka wa mutane. Ni na koya mata alamun hannu da na yi watanni ina maimaitawa a gaban madubi: wannan lafiya lau, wannan akwai matsala, wannan mu hau sama. Ni na nuna mata yadda ake fitar da ruwa daga gilashin fuska. Tana ji tana cewa to, to, kamar ana gaya mata hanyar gidan biki. Da aka saka mata baƙar rigar roba ta ce an cusa ta a cikin tayar keke. Ta ce kuma ba za ta fita gaban maza haka ba. Sai na buɗe jakata na ciro doguwar rigar iyo mai haɗe da ɗan hijabi, shuɗiya, wadda na kai wa wani tela a unguwar Satwa har sau biyu yana gyara. Ya yi ta da yalwa. Ta yi wa Goggo daidai, kamar ita aka auna.

A cikin kwale-kwale mai inji ta miƙo mini jakarta, wayoyinta da zobbanta. Aka ɗaura mata tukunyar iska a baya, aka saka mata takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa. Ta yi bisimilla ta faɗa. Na yi zaton za ta taso tana salati ta ce a fitar da ita. Allah ya yafe mini, na so hakan. Ta kama igiya ita da malamar, ta matse hanci, ta yi alamar lafiya lau daidai yadda na koya mata, ruwa ya rufe kanta.

Ni aka ba ni rigar ceto da ɗan bututun numfashi, aka ce in kwanta a saman ruwa in leƙa, wannan ba ya taɓa kunne. Na ajiye jakar na shiga. Ruwan ɗumi ne. Da na kifa fuskata, sai ga komai, a can ƙasa, kamar ana kallon tsakar gidan maƙwabta ta saman katanga. Ga murjani a jikin duwatsu. Ga ƙananan kifaye masu ratsin baƙi da rawaya, waɗanda na san sunansu a harsuna biyu. Ga kuma shuɗiyar rigata tana tafiya a hankali a tsakaninsu, da wata a ciki.

Ban taɓa ganin Goggo tana tafiya a hankali ba. A Murshid sai na yi gudu-gudu nake cim mata. A nan kuwa ta haɗe hannuwa a ƙirji, ƙafafunta kawai ke motsi. Kumfar numfashinta tana tasowa tana girma, ta zo ta fashe a kan gilashina. Iyakar rabona ke nan daga ƙasan teku: iskar da Goggo ta gama amfani da ita.

Sai kunkurun ya fito daga bayan wani dutse. Babba ne, bai damu da kowa ba. Ya bi ta gefenta kusa sosai. Goggo ta ɗaga masa hannu, yadda take gaida matan layinsu. Ni daga sama bayansa kawai na gani. Kuka a cikin gilashin nutso, ga mai mura, ba abu ne da zan ba kowa shawara ba. Na koma cikin jirgi na zauna kusa da jakarta. Wayoyin suna ta ruri a ciki, ɗaya ta tsaya ɗaya ta ɗauka. Na bar su.

Da ta fito na shirya wa surutu. Na san za a yi wata guda ana ba da labarin nan a Kano, da ƙari. Amma ta zauna kawai, ruwa yana ɗiga daga haɓarta, tana kallon tsibirin. Na ce, "Goggo, me kika gani?" Ta ce, "Kifi." Direbanmu ya tarye ta a gaɓa yana tafi yana kiranta sarauniyar ruwa, ta ce masa alhamdu lillahi, shi ke nan. Wannan ya fi ba ni haushi. Ta shiga wurin da na yi shekaru ina so, ta fito da kalma ɗaya.

Mun yi azahar a wani ƙaramin masallaci, muka ci gasasshen kifi da shinkafa a wani gidan abinci na 'yan Indiya. Sun ce ya yi daɗi. Ni ban ji ɗanɗanon komai ba. A hanyar dawowa na jingina da taga na yi kamar ina barci, don kada a yi mini magana. Ba a yi ba. Sai da muka wuce duwatsu na lura motar ta yi tsit. Goggo ta kashe wayoyinta duka biyun, ta ɗora su a cinya.

Ga mai son yin wannan tafiya, abin da zan iya cewa kaɗan ne. A tashi da wuri. A tafi da man kare rana da ruwan sha. Mai mura ya faɗi gaskiya, ko da za ta ci masa ranarsa, har yanzu ban canja ra'ayi a kan wannan ba. A kula da wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi. Abu na ƙarshe kuma, na gano ina da hassada. Da ina zaton masu surutu ne kawai suke da ita.

Mun iso Abu Hail ana kiran magariba. Bayan mun yi salla, Goggo ta wanke rigar ta shanya a bayan ƙofa. Sannan ta ɗauki rimot ta kashe na'urar sanyin, ba ta kalle ni ba. Ɗakin ya yi shiru. Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin ta fito.

"Goggo, don Allah ki gaya mini. Ba zan samu zuwa ba. Yaya can ƙasan yake?"

Ta zauna a bakin gado tana mayar da zobbanta ɗaya bayan ɗaya.

"Babu mai kirana," ta ce. "Tun da na buɗe shago ban taɓa zama ba wanda ya ce Hajiya kaza, Mama kaza ba. A can ko bakina ban iya buɗewa ba. Ke kuwa sai ki buɗe littafi, a yi ta kiranki ba kya ji. Na daɗe ina jin haushinki a kan haka, wallahi, ina cewa yarinyar nan ina take tafiya ta bar mu? Yau na je na gani. Ke kullum kina can. Ni sai da aka ɗaura mini tukunya a baya."