Ƙarnin Kifi a Gidan Baba Nilmoni

Giribala 'yar masunta ce, cikin ƙarni ta girma, shi ya sa ta fi kowa tsanarsa. Tana amarya ta je kogi ɗebo ruwa, ta tarar da Baba Nilmoni, wani malamin addinin Hindu, yana rera sunan Krishna, abin bautarsu, hawaye na bin gemunsa. Ta ajiye tulu ta zauna. Kafin shekara ta zagayo ya ɗaura mata carbin itacen tulsi mai tsarki a wuya, ya ce ba nama, ba kifi, ba albasa, ba tafarnuwa, bakinta ya zama na Suna, wato sunan Krishna. Ta riƙe maganar gam. Da mijinta ya mutu ta tattara komatsanta ta koma gidan Baba a garin Nabadwip, aka danƙa mata madafa.

Kullum da asuba wanka a kogi, sai jan carbi, sai waƙa a gaban Krishna, sannan wuta. Mai girki kuwa ba ta ɗanɗana komai sai an miƙa wa Krishna, don haka hanci ne ya zama harshenta. Kai, hancin nan ya kunyata mutane! Ta taɓa mayar da mai nono don ta ji albasa a numfashinsa. Ta tona wani tsohon almajiri mai shan taba a bayan garke. Ita kowa mai laifi ne a wurinta sai ta shinshina shi tukuna, kuma abin haushin, sau da yawa zarginta kan fito gaskiya.

A tsufanta ne hancin ya kai ta inda ba ta so.

Baba ya tsufa tukuf, ya daina fitowa. Babban almajirinsa, Bonomali, mai kaɗa gangar yumɓu a wurin waƙa, shi kaɗai ke shiga ɗakin. Da rana zai ɗauki faranti ya shige ya turo ƙofa. Da can ragowar Baba rububinta ake yi don albarka, yanzu kuwa faranti na dawowa kamar ba a taɓa ba. Giribala ta fara lura.

Wata safiya suna tsakiyar waƙa, Bonomali ya gilma ta gabanta yana kiɗa yana tsalle, iska ta kwaso mata wani abu daga ƙarƙashin turare. Sunan da ke bakinta ya maƙale. Ƙarni ne, ko a mafarki ta san shi. Da rana ta leƙa bakin rijiya, ta gan shi yana dirje hannu da toka da lemon tsami, kamar yadda uwarta kan yi in ta gama gyaran kifi.

“Bonomali, wannan dirza haka fa? Aure za ka yi ba mu sani ba?”

“Didi, babbar yaya, hancin nan naki wata rana sai ya ja miki.”

“Ya ja mini, ko ya ja maka? Ruwa dai ba ya tsami banza.”

Ya sunkuyar da kai ya wuce, ko dariyarsa da ya saba bai yi ba.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Da hannun nan yake taɓa farantinta, da shi yake ɗaukar abin da za a miƙa wa Krishna. In kifi ya shigo gidan, duk girkin da ta yi ba ta ɗanɗana ba ya tashi a banza ke nan. Ta kasa haɗiyewa, ta raɗa wa Annada mai haɗa furanni, ta ce ta rufa. Annada kuwa bakinta rariya ne. Kafin rana ta faɗi har masu kwalekwale sun ji, dattawan gida suka ce gobe da yamma za a zauna.

Giribala ba ta son a ce ta yi ƙage. Washegari da tsakar rana, kowa ya kwanta saboda zafi, ta laɓe bayan garke. Can sai ga Bonomali. Wata mata ta miƙo masa rufaffen kwano ta kan katanga, ya cusa cikin mayafi. Ta ce a ranta, yau rana ta mai kaya. Ta zaci a garken zai tsuguna ya kwashe, sai ta ga ya nufi ɗakin Baba. Tabɗi! A gaban malaminsa zai ci? Ta bi shi ta banka ƙofar.

Baba na zaune a gefen gado, ya ƙanƙance, ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba. Ya buɗe baki yana jira. Bonomali na durƙushe yana ba shi romon tarwaɗa da cokali, ya kau da fuska gefe, leɓensa na motsi da Suna.

Baba ya ɗago ya dube ta, ya washe baki. “Ma, uwata, kin dawo? Zo ki cire mini ƙaya, wannan mutumin bai iya ba.”

Ta jingina da jikin ƙofa.

“Rufe ƙofar, Didi,” in ji Bonomali a hankali. “Tun damina ya daina gane ni. Carbinsa ma juya shi yake yana tambaya na wane ne. Ya ƙi shinkafa, ya ƙi madara, har ya kasa tashi, yana ta kuka yana kiran romon da uwarsa ke yi masa yana yaro. Ya zan yi? In zuba masa ido ya mutu?”

“Sunan fa?” ta tambaya. “Shi ma ya manta?”

“In na fara yana bi na. Amma sai ya ƙoshi.”

Ta fashe da kuka, kukan kunya da tausayi. Ta ce za ta je ta gaya wa dattawa ƙarya ta yi.

“Ke ki yi ƙarya? Wa zai yarda? Sun riga sun tambayi matar bayan katanga, ta ce lallai akwai mai karɓa. In ba ni ke ci ba, wa ke ci? Mutanen nan saboda maganar Baba suka bar gidajensu. Ki faɗi abin da kika gani kawai, kin gan ni da kwanon kifi.”

Da yamma haka ta faɗa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Aka tambayi Bonomali, ya ce kwaɗayi ne ya ci ƙarfinsa. Aka ce ya ajiye gangar ya bar gidan. Wasu samari har da tofar da yawu. Bonomali ya je ya taɓa goshinsa a bakin ƙofar Baba, ya fita da ƙullin kayansa bai waiwayo ba. Mutane suka yi ta sa wa Giribala albarka, ita kuwa ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Dattawa suka ce tunda babu wanda ya kai ta tsarki, daga yau ita za ta riƙa kai wa Baba abinci.

Ta kai shinkafa, ya datse baki. Ta dafa kabewa ta yi laushi, ya ture. Ta soya ɗanyar ayaba da yaji irin na kifi ko zai ruɗu, ya shinshina ya juya wa bango fuska. Ta rera masa Suna har muryarta ta dishe, bai bi ta ba, sai hawaye. Kwana ya bi kwana, Baba ya daina zama, har kukan ma ya koma nishi.

Wata safiya da ta fito daga wanka, ba ta nufi madafa ba. Ta tura carbin wuyanta cikin riga, ta ja mayafi har goshi, ta tsaya wurin mai tukwane ta sayi sabuwar tukunya ƙarama, sannan ta gangara kasuwar bakin kogi. Ƙarnin ya doke ta tun daga nesa, amma ba ta tsaya ba.

Mai kifin ta leƙa ƙarƙashin mayafin, ta riƙe haɓa. “A'a! Didi Giribala? Hanya kika ɓata, ko wani kika zo kamawa?”

“Rufe mini baki,” in ji Giribala. Ta nuna cikin daro da yatsa. “Ƙaramin can za ki ba ni, mara ƙaya da yawa.”