Kawu Nomau da Faifan Tama

Duk wanda yat taɓa zuwa shagon Kawu Nomau a Madawa ya san ba a yi mishi sallama in faifai na juyawa. Sai shi ɗaga maka yatsa guda, ka tsaya bakin ƙofa har waƙa ta ƙare, ko da gobara kaz zo faɗi. Ni ɗiyar ƙanwarshi ce, amma ban taɓa samun rangwame ba.

Gyaran rediyo ne sana'arshi. Na'urar faifan kuwa, wani Bature da yay yi aikin gyaran ƙasa a Keita ne yab bar mishi. Kan allurarta mai ƙaramar murya ne, sai an bi da muryar ta taransifo ya ɗaga ta kafin ta shiga ampili, akwatin da ke kai ta lasifika. Nan Kawu yas samu abin yi na shekara ashirin.

Ranar da nik kai mishi labarin na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, bai ce barka ba, sai yaj ja mini kujera yac ce tun da na iya lissafi in saurara. Taransifon ga, in ji shi, sau goma yake ɗaga murya, amma nauyin da ampili ke ɗora ma allura, wanda ake aunawa da om, sau ɗari yake raba shi. Om dubu arba'in da bakwai sun koma ɗari huɗu da saba'in ke nan. In lambar ta yi yawa, murya ta yi tsini. In ta yi kaɗan, sai ka ji awa mawaƙi na cikin rumbu. Matarshi, Inna Hajo, tana tsakar gida tana tankaɗe, tac ce, "Tambaye shi awaki nawa gare shi." Kawu bai sani ba.

Ƙananan rezistans da yake liƙawa bayan taransifo don daidaita nauyin, bai taɓa sayen sabo ba. Cewa yake na yanzu maƙaryata ne, launinsu daban, halinsu daban. Ya taɓa shiga mota har kasuwar Urno don an ce akwai mataccen rediyo irin na da. Yas sayo, yac cire abu guda kamar ƙwayar shinkafa, yab ba Inna Hajo akwatin. Kaza ta yi ƙwai a ciki damina biyu.

Mun daɗe muna mishi dariya kafin mu san abin da yake nema. Faifai guda ne yake ta maimaitawa, waƙar noma da anka ɗauka a Tama tun yana goye. Mahaifinshi, wato kakana, yana cikin 'yan amshi, kuma ya rasu Kawu bai yi wayo ba. Ba hoto, ba komi, sai wannan faifan da mutum shida ke amsawa baki ɗaya. Tsofaffin Tama sun ce mishi ubanshi ne mai kaurin murya, shi kuwa duk yadda yaj juya, muryoyin a cakuɗe suke fitowa.

Wata ranar Juma'a bayan masallaci ya aiko a kira ni. Na iske shi da Inna Hajo zaune, ya liƙa wani rezistans da yas sauko da nauyin kusa da om ɗari. Yas sa allura. Kalangu yaf fito sarai, 'yan amshi sunka rarrabu, kowa da muryarshi. Can ƙasa ga wata mai kauri, tana shigowa bayan kowa ya shiga, tana fita bayan kowa ya gama.

Kawu yas saurara har ƙarshe, yac cire tabarau yana shafa ido. Sannan yac ce, "Shekara ashirin ina zargin taransifo. Ashe Baba ne bai iya waƙa ba."

Munka yi dariya har Inna Hajo ta riƙe ciki. Shi ma ya yi, hawaye na bin gemunshi. Da munka natsu yad dube ni yac ce, "Ɗiyata, kin ji kakanki. Gaishe shi." Na gaishe shi.

Bai sake taɓa rezistans ɗin nan ba har yab bar duniya bara. Allah Shi jiƙan Kawu Nomau, Shi haskaka kabarinshi, Shi sada shi da mahaifinshi a Aljanna, su gaisa ido da ido. Amin.