Rashin Telan Hukumomi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, huɗu ga watan Maris, labari ya iske mu a tashar jiragen ruwa cewa Allah Ya karɓi ran shugaban kwamitinmu na haɗin gwiwa, wanda muke kira Tela saboda ɗinke ɓarakar hukumominmu da ya yi, bayan jinyar ciwon ƙoda.

Tela, ka same mu kamar 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Mu jami'an kwastam muna ɓoye wa 'yan sanda bayani, su kuma suna ɓoye wa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, masu safarar hodar iblis daga ƙetare suna bi ta tsakaninmu suna dariya. Ka tara mu a ɗakin nan mai matacciyar fanka, ka hana kowa zama kusa da mai irin kakinsa. Ka ce, "Ƙanena da ƙwaya ta haukata bai taɓa tambayar wace hukuma ce ta yi sakaci ba." Ranar da muka yi wani babban kamu kuwa, da 'yan jarida suka zo, ka tura ƙananan ma'aikata gaba, ka koma bayan mota kana ba direba ruwa.

Kana kwance a asibiti takwarorinmu na wata ƙasa suka sanar da mu wata kwantenar tayil da aka cusa wa hoda. Muka zauna babu kai. Gardama ta kaure a kan wa zai fasa ta, tambarin wa zai fito a hoto. Kafin mu tashi, kwantena ta fice ta ƙofar baya. Allah kaɗai Ya san 'ya'yan wa take ci yanzu.

Da muka je gaisuwa, maiɗakinka ta yi ta yi mana godiya. Ta ce, "Kullum yakan ce hankalinsa a kwance yake, yaransa sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya." Manyan hafsoshi muna durƙushe, kowa ya sunkuyar da kai.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa jinya ta zama kaffara. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka da ƙanenka haƙurin wannan rashi. Mu kuma Allah Ya shirye mu, Ya sa mu cancanci zaton da ka tafi da shi.