Kayan Aron da Muka Sa wa Yara

An yi wannan abu ne shekarar da ruwa ya haura fadama ya kwantar da shinkafa tana dab da yanka, damina biyu bayan rasuwar maigidana, kafin cutar nan da ta sa aka rufe makarantu kowa ya ɗaure hanci. Ni ban san shekarun takarda ba, amma duk wanda ya zauna Argungu ya san wadda nake nufi, don kwalekwale sai da ya bi inda jaki ke bi.

Mu mata ne masu gumin shinkafa: mu jiƙa, mu turara, mu shanya, mu kai inji. Muna da wata al'ada a unguwarmu. Duk wadda ta sauke tukunya sai ta ware dintsi guda, ta haɗa da tsakin da ya fita wurin bakace, ta aiko gidana. Da shi nake dafa wa marayu da ɗiyan zawarawa abin karyawa kafin su wuce makaranta. Ni na fara abin, kuma ba na jin nauyin faɗa. Ba ma ƙirga yara, tabarma muke dubawa. Da can guda ce. Shekarar ruwan nan sai da muka shimfiɗa huɗu, ga shinkafar gumi ta yi wuya, abin da ake aikowa bai ko rufe gindin ƙwarya. Na duba na ga in ba wani abu ya zo ba, kafin sanyi ya shigo zan kife tukunya.

Akwai wata malama a cikinmu da ta yi ritaya daga koyarwa, ita ke riƙe mana takardu. Ta ji a rediyo cewa wata ƙungiya mai ofis a Birnin Kebbi tana ba ƙananan ƙungiyoyi irin tamu tallafi. Ta cika takarda, na dangwala yatsa. Bayan kwanaki suka bugo mata waya, za su zo ran Laraba su gani da idonsu.

Da na ji baƙi za su zo, ban yi shawara da kowa ba, don a ganina babu abin shawara. Baƙo na zuwa gidanka, ka share, ka yi shimfiɗa, ka sa wa yara kaya. Haka uwata ta yi, haka na taso na gani. Na shiga mota na tafi Birnin Kebbi wurin wata ƙawata Bayarabiya mai sayar da kayan yara a kasuwa. A garin aka haife ta, Hausar bakinta ta fi ta wasu jikokina. Na ce ta ara mini riguna na kwana biyu. Ta ce wato yau kuma masu shinkafa sun zo aro wurin masu gwanjo? Na ce mata ta rufa mini baki, ita da har yau ba ta iya tuƙa tuwo ba gudaji. Muka yi dariya, ta ɗaure mini ƙulli biyu, ko rubutawa ba ta yi ba.

Ran Laraba yaran nan kamar ɗiyan sarakuna. An yi wa mata kitso, an rambaɗa masu kwalli, maza an yi masu aski an shafa mai. Na sa aka yanka agwagina biyu, wata ta kawo kifi, muka yi tuwon shinkafa fari tas da shinkafar da muka ranto. Baƙin su biyu ne, wani dattijo da wata yarinya mai ɗauke da littafi, ita ce ke yin tambayoyi. Suka ci, suka yaba, suka tafi. Ni kuwa na wuni ina jin daɗi, mun fita kunya.

Sati na zagayowa malama ta shigo ko sallamar kirki babu. Ta ce sun bugo: sun gode da karamci, amma sun ga yaranmu cikin rufin asiri, za su kai tallafin inda aka fi bukata. Ta ce mini, "Inna, kin ga abin da kwalliyarki ta ja mana? Mutane sun zo ganin yunwa kin ba su agwagwa."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Amma ban ce mata na yi kuskure ba. Na ce ta shirya, gobe za mu mai da kayan aro.

Da muka isa Birnin Kebbi, kafin mu je kasuwa sai na ce wa mai keke napep ya kai mu unguwar Gwadangaji, ofishin mutanen nan. Muka sami yarinyar mai littafi. Na sauke ƙullin nan bisa teburinta na kwance. Na ɗaga riguna ɗaya ɗaya, duk an wanke an ninke, ina gaya mata wadda ta sa kowace da abin da ya sami gidansu. Wannan ta wadda ubanta ya nutse wurin tsamo damin shinkafa. Wannan ta wanda ɗakinsu ya zube. Na ce duk na mutane ne, yanzu za ni mayarwa, in tana so ta biyo mu ta ga mai su.

Yarinyar ta ce ta fahimta. Ta ce to za su koma su ɗauki hoton yaran yadda suke kullum, cikin kayansu na gida, don manyanta sai sun ga shaida. Malama har ta fara gyaɗa kai. Ni na ce a'a.

"Ɗiyata," na ce mata, "yarinyar da za ki ɗauka cikin tsumma, gobe za ta girma ta yi aure ta haihu, hoton yana nan bai tsufa ba. Uwayensu sun ba ni su ne don na iya rufe baki. In kina son gani, ki zo ba sanarwa, da sassafe, ki zauna kusa da murhu kamar ɗiyar gida. Idonki ya ishe ki."

Malama ta taka mini ƙafa ƙarƙashin tebur. Na janye ƙafata. Na san abin da nake kasada da shi, tukunyar nan ce gaba ɗaya. Yarinyar ta ce ba ta yi alkawari ba, za ta gaya wa na gaba da ita.

Kwana tara babu labari. Na fara tsinka kunu da ruwa. Ran na goma ina hura wuta sai ga sallama, ga yarinyar ofis da hijabi, ba mota, ba littafi, kabu-kabu ya sauke ta daga tasha. Na miƙa mata ludayi na ce ta zuba wa tabarma ta biyu. Ta zuba. Ranar akwai ɗan dafa-duka kaɗan, sai ta ga wata 'yar ƙarama ta ci rabi ta ƙulle rabi a bakin zanenta. Ta tambaye ni da ido. Na ce na uwarta ne, tana kwance. Ba ta ƙara tambayar komai ba. Da yara suka watse ta roƙi izini ta ɗauki hoton tukunya da tabarmi huɗu babu kowa a kai. Na ce wannan kam ta ɗauka har ta gaji.

Tallafin ya zo kafin sanyi. Aka sauke mana gero da wake da shinkafa, aka yi mana rumfar kwano, aka ba mu manyan tukwanen gumi don mu riƙa samun na kanmu. Dintsin kuwa ban yarda an daina ba, har yau ana aikowa.

Malama ta rasu bara waccan, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yarda cewa ni ke da gaskiya ba. Cikin matan da muka fara, saura ni da wata guda da ido ya tafi. Yarinyar ofis an mai da ita wani gari, tana aiko gaisuwa. Bayarabiyar tana nan, ɗiyarta ke zaman rumfa, ita tana gefe tana faɗa da masu ciniki. 'Yar da ke ƙulle abinci a zane ita ke riƙe ludayi yanzu, ni ina daga kujera ina gaya mata gishiri bai ji ba.